Amsa: Me ya sa The Book of Lost Tales ke da wuyar karantawa?

Ɗan'uwa, ka ce kana son marubucin nan Tolkien amma wannan littafin ya gagare ka. Ba laifinka ba ne. Rubutun farko ne da ya soma wajen 1917, bai kammala ba, ɗansa Christopher ya tattara ya fitar a 1983 da 1984.

Kuskuren da ake yi shi ne farawa da shi. Karanta The Silmarillion tukuna, wato littafin Tolkien da ke ɗauke da waɗannan labaran bayan ya sake rubuta su. In ka dawo, za ka tarar babu mugun nan Sauron na cikin The Silmarillion, sarkin kyanwoyi Tevildo ne aka miƙa wa jarumi Beren a matsayin bawa, ya sa shi wanke-wanke a kicin. Wallahi wannan wurin ya fi burge ni!

Bayanan Christopher ka bar su sai karatu na biyu. Tsohon Turancin kuwa, akwai jerin kalmomi a ƙarshe. In ya ƙi, nemi malamin adabin Ingilishi.