Fatawa: Jaririna yana kwana kuka, in ba shi rubutu da dauri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Garin Malam, nan Damagaram, haihuwata ta fari ke nan, ko arba'in ban yi ba. Tun bayan suna, da an kira magariba sai yaron ya soma kuka, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, fuska ta yi jawur, ba ya shiru sai dare ya raba. Da rana kuwa lafiya lau yake shan nono. Surukata ta karɓo rubutu wurin wani malami, ta ce a haɗa masa da dauri da ɗan zuma. Wata maƙwabciya ta ce beli ne, a kira wanzami. Wasu sun ce bakin wata tsohuwa ne da ta zo barka. Ungozomar asibiti kuma ta ce kada in ba shi komai sai nono. Wa zan bi? Ina da laifi in na saɓa wa surukata? Sannan magariba da lisha sukan riske ni yana hannuna.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƴata, Allah ya raya shi, ya ba ki lafiyar shayarwa. Hukuncin shi ne: ki yi masa addu'a da tofi iyakar iyawarki, amma kada komai ya shiga bakinsa sai nononki ko maganin da likita ya rubuta, kuma kada aska ta taɓa shi.

Abin da kika siffanta sananne ne wurin likitocin yara. Kuka ne da yakan soma wajen mako biyu da haihuwa, ya tsananta wajen mako shida, ya lafa da kansa idan yaro ya kai wata uku zuwa huɗu. Tun 1954 wani likita a Amurka ya sa masa ma'auni: kukan da ya wuce awa uku a rana, kwana uku a mako, har mako uku, alhali yaron yana shan nono, yana ƙara nauyi. Galibi da yamma yake tashi. Na san faɗuwarsa daidai da magariba shi ke sa zuciya ta tafi ga iskoki, musamman da hadisin Jabir a Bukhari da Muslim ya ce a tsare yara a gida idan dare ya kawo kai. Ki bi hadisin, ki shigar da shi ɗaki da bisimilla. Amma hadisin bai ce duk jaririn da ya yi kuka da magariba an taɓa shi ba, kuma jarirai suna wannan kuka a ko'ina cikin duniya, gidan Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Tofi sunna ne. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya shiga ɗakin Ummu Salama ya tarar da yaro yana kuka, aka ce kambun baka ne, sai ya ce me ya hana a yi masa ruƙiyya. Bukhari kuma ya kawo addu'ar da yake nema wa Hasan da Husaini tsari da ita. Ga yaro ɗaya sai ki ce: "U'izuka bi kalimatillahit tammah, min kulli shaiɗanin wa hammah, wa min kulli ainin lammah." Ki karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ki tofa a tafin hannunki ki shafe shi. Wannan ba sai da malami ba, kuma bakin uwa bai gaza na kowa ba.

Rubutu kuwa malamai sun yi saɓani a kansa tun da can. Ibrahimun Nakha'i ya ƙi shi, Imamu Ahmad ya yi rangwame, Ibnul Ƙayyim ya ambaci magabatan da suka halatta a rubuta aya a wanke a sha. Mu nan da shi muka tashi, kuma ba zan kira surukarki mai shirka ba don ta karɓo Alƙur'ani a kwano. Sai dai duk wannan saɓani a kan babba ne, wanda cikinsa ya yi ƙwari. Ki dubi abin da ke cikin kwanon da idonki: ruwan randa, tawadar da aka dama da baƙin tukunya da ƙaro, an wanko ta daga allon da hannu da yawa suka riƙe, ta yini a ɗaki cikin zafin Damagaram. Ayar tana da albarka, ruwan kuma yana iya sa ɗan wata guda zawo, zawo kuwa a wannan shekaru yana kisa cikin kwana kaɗan. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a ba shi, don nonon kansa galibinsa ruwa ne. Ƙa'idar shari'a a nan ita ce hadisin "la darara wa la dirara", ba cuta ba cutarwa, wanda shi ma yana cikin Muwaɗɗa. Abin da asalinsa halal ne yakan zama haram ga wanda zai cutu da shi. To mafita mai sauƙi: ke ki sha rubutun da niyyar neman waraka gare ku duka, shi kuma a yi masa tofi. Laya ma, Risala ta Ibnu Abi Zaid ta ce ba laifi a rataya ta idan Alƙur'ani ne a ciki, wasu sahabbai irin su Ibnu Mas'ud sun ƙi. Ni na fi son a bari, in kuwa an nace, kada igiya ta zagaya wuyan jariri.

Dauri da jiƙo hukuncinsu ɗaya da ruwan rubutu, har sun fi shi haɗari, don ba wanda ya auna ƙarfin saiwar da aka jiƙa, kuma hanta da ƙodar jinjiri ba su nuna ba. Zuma fa? Za a ce miki Allah ya ce akwai waraka a cikinta, a Suratun Nahli aya ta 69. Gaskiya ne. Alƙurɗubi, malamin tafsiri Bamalike, ya kawo maganar waɗanda suka ce ayar ba ta nufin kowace cuta da kowane mutum. Likitoci sun tabbatar zuma tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke murƙushewa, amma a cikin jariri sai ta yi dafi, jikinsa ya saki, ya kasa tsotso, numfashi ya gagara. Don haka ba zuma sai ya cika shekara 1. Wanda ya kafa hujja da tahniki, ki ce masa tahniki ɗan shafa dabino ne a ganɗa sau ɗaya bayan haihuwa, ba a mai da shi abincin kullum ba. Maganin tari ko ƙwayar barci da masu yawo da magani a faranti ke sayarwa don yaro ya yi shiru, wannan haram ne kai tsaye.

Maganar beli ita ta fi tayar mini da hankali, don an yi irinta a zamanin Annabi (SAW). Matan Larabawa sukan cusa yatsa su danne maƙogwaron yaro idan ya kumbura. Ummu Ƙaisi bintu Mihsan ta zo da ɗanta an yi masa haka, sai ya tambaye su don me suke yi wa ƴaƴansu wannan, a hadisin Anas kuma ya ce kada ku azabtar da yaranku da dannar maƙogwaro. Duka suna cikin Bukhari. In yatsa azaba ce, aska fa? Beli halitta ce, kowa da nasa, ba shi ke sa kuka ba. Yanke shi na jawo zubar jini da shigar ƙwayar cuta, yaro ya ƙi nono don raɗaɗi. Haka yi masa tsaga a fatar ciki. Wanzamai suna da sana'arsu da mutuncinsu, amma Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya yi magani ba tare da an san shi da ilimin likitanci ba, lamuni yana kansa, kuma uban da ya miƙa yaron bai kuɓuta ba.

Tsohuwar da ta zo barka, ku bar ta ta sha iska. Kambun baka gaskiya ne, amma nuna mutum da yatsa ba hujja zato ne, Suratul Hujurati aya ta 12 ta ce wani zaton zunubi ne. Zuwa wurin ɗan duba ya faɗi wanda ya yi kuwa, Muslim ya ruwaito ba a karɓar sallar mai yin haka dare arba'in.

Abin da za ki yi da hannunki: ki bar shi ya ƙoshi da nono ɗaya kafin ki juya shi, bayan ya sha ki ɗora shi a kafaɗa ki riƙa shafa bayansa har ya yi gyatsa. Ki shafa cikinsa a hankali da ɗan man kaɗanya, ki lanƙwasa ƙafafunsa zuwa ciki ki miƙe don iska ta fita. Ki goya shi ki yi ta zagaya tsakar gida. A nisanta shi da hayaƙin murhu da turaren wuta. In zai yi barci, rigingine. Ranar da kika ji zuciyarki ta kawo wuya, ki kwantar da shi ki fita ƙofar ɗaki ki huta, kada ki jijjiga shi da ƙarfi, jijjiga tana fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwar jariri. Maigidanki ma ya karɓe ki. Allah ya ce a Baƙara aya ta 233 kada a cutar da uwa saboda ɗanta. Amma idan jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi nono, ko ya yi amai kore, ko jini ya fito a kashinsa, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko maɗiga ta faɗa ko ta taso, ko ya yi laushi, to wannan ba kukan magariba ba ne. Kai shi asibiti a daren wajibi ne, ba a jiran safiya, ko asibitin unguwa ko babban asibitin Zinder.

Ba ki da laifi in kin ƙi abin da zai cutar da shi, don biyayya a cikin abin kirki take. Amma kada ki yi gardama da Inna, jikanta take so. Ki sa ɗanta ya yi mata bayani, ki karɓi kwanon da hannu biyu ki sha a gabanta, ki roƙe ta ita ta riƙa yi masa tofin.

Salla kuma: Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya tashi ya ɗauka. An ruwaito daga Malik cewa wannan na halin larura ne, ke kuwa cikinta kike idan ba mai karɓar miki. Ya kuma kasance yana gajarta salla in ya ji kukan yaro don tausayin uwarsa, to ki karanta gajerun surori. Fitsarinsa da ya taɓa zanenki an yi miki afuwa muddin kina ƙoƙarin kiyayewa, kamar yadda Mukhtasar na Khalil ya faɗa, sai dai an so ki ware zane guda na salla. Lisha tana da yalwar lokaci har sulusin dare na farko, kina iya jira ya lafa. Duk wannan idan jinin biƙi ya ɗauke ke nan. In bai ɗauke ba, babu salla a kanki tukuna, babu kuma ramuwa.

Wallahu a'alam.