Sifirin ɗin dama da ke yawan karyewa

Ka tambaye ni me ya sa jiya na hana ka ɗaura wa motar Sprinter ɗin nan sifirin mai kauri, wato ƙarfen da ke ɗaukar nauyin mota a kan taya, alhali mai mota da bakinsa ya ce shi yake so, ga kuɗi a hannu. To zauna ka ji, ɗana.

Sau uku ke nan sifirin ɗin baya yana karyewa, kuma kullum na dama. Da laifin ƙarfe ne, ai da na hagu ma ya taɓa ba da kai, tunda tare aka saye su a nan Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi. Mai mota magani ya zo mana da shi, ciwon kuwa bai san inda yake ba. Ka sa mai kauri, sifirin ya daina lanƙwasa, duk dukan hanya ya koma kan shasi, wato ƙarfen da bodin mota ke zaune a kai, wata rana ya tsage. Ni kuwa ba na so a ce daga garejina tsagewar shasi ta fito.

Shi ya sa bayan sallar asuba na tafi tasha a Aboabo, na tsaya kallon lodi, ban ce wa kowa uffan ba. Yaron mota yana jera jarkokin manja da buhunan goro duk a dama, don ya ji sauƙin saukewa a Techiman da Kintampo. Ga shi tun 1974 hannun dama muke bi a titi a Ghana, don haka duk tsayawar da direba zai yi ya ɗauki fasinja, tayar dama ce ke faɗawa gefen kwalta da nauyin nan a kanta. Daga nan har Tamale, sau nawa ke nan? Yaron ma ban ga laifinsa ba, babu wanda ya taɓa nuna masa.

A masana'antar Toyota ta Japan ana koya wa ma'aikaci ya tambayi "me ya sa" har sau biyar kafin ya taɓa sifana. Kai ko sau ɗaya ba ka tambaya ba, ka riga ka shige ƙarƙashin mota.

Sifirin irin na asali za mu mayar. Na zana layi da alli a tsakiyar bayan motar, kaya masu nauyi rabi nan rabi can, masu sauka da wuri a sama. Gwajin mako guda ne, ko sidi ɗaya bai ci ba. In motar ta dawo ranar Juma'a da lodinta, ka ɗauki tef ka auna daga ƙasa zuwa bodi, hagu da dama, ka zo ka faɗa mini.