Ga mai son komawa karatu don aiki da ƙananan yara masu buƙata ta musamman

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai da aka tashi yara yau sannan na zauna, don ba amsar layi biyu ba ce. Kin ce kin karanta ilimin zamantakewa, kin yi hidimar ƙasa, shekararki biyu kina koyarwa a nazare, kuma akwai yara biyu a ajinki da bakinsu bai buɗe kamar na sa'o'insu ba. Su suka sa miki sha'awar komawa karatu, kina son sanin wace jami'a, wane kwas, kuma ko takardar za ta ba ki abin yi. Ni shekarata goma sha ɗaya a wannan aiki, na kuma yi digiri na biyun da kike magana, a fannin ilimi na musamman, to bari in faɗa miki abin da na gani.

Maganar takarda ba ta da tsawo. Tunda digirinki ba na koyarwa ba ne, galibi sai kin fara yin PGDE, wato difilomar koyarwa ta masu digiri, kafin a ɗauke ki digiri na biyu a tsangayar ilimi, kuma da wannan difiloma ce hukumar TRCN za ta yi miki rajista a matsayin malama. Jami'o'i na yin ta, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, ma tana yi a cibiyoyinta na jihohi, ba sai kin ajiye aiki ba. Bayan nan, sassan ilimi na musamman da suka daɗe kuma aka san su su ne na Jami'ar Bayero a Kano, na Jami'ar Jos, da na Jami'ar Ibadan. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman a Oyo, wadda aka kafa a 1977, da yawa daga cikin malaman kurame da makafi na ƙasar nan can suka yi NCE. Sharuɗɗan shiga kan canja, ki duba tallan shekarar da idonki, kada ki dogara da na ji an ce.

Sai dai ki raba abu biyu tun yanzu. Malama daban, mai gyaran magana ko mai gashin ƙashi daban. Waɗancan akwai hukumar da ke yi musu rajista, MRTB, kuma digiri na biyu a fannin ilimi shi kaɗai ba ya mayar da ke ɗayarsu. Yanzu gari ya cika da masu yin bitar sati biyu a otal su fito suna karɓar kuɗin iyaye da sunan gyaran magana. Kada ki shiga sahunsu, haƙƙi ne.

Abin da ba a faɗa mini ba kafin in biya kuɗin rajista shi ne yawancin karatun ba a kan ƙananan yara aka gina shi ba. An rarraba shi ne bisa nau'in lalura: kurame, makafi, masu raunin fahimta, masu matsalar koyon karatu, har da masu baiwa ta musamman. Dalilin yana cikin tarihi. Ilimin nan ya shigo mana ne ta makarantun da aka keɓe, irin ta makafi da ke Gindiri wadda 'yan mishan suka buɗe a 1953, kuma irin waɗannan makarantu yaron da ya isa zama a benci suke karɓa. Don haka yaron da ke cikin littafin ɗan shekara bakwai ne ko goma. Ɗan shekara biyu da ke goye a bayan uwarsa, sai dai a ambace shi a babi ɗaya a wuce. Alhali a shekaru ukun farko harshe ke kama ƙasa. A Amurka ƙa'idarsu ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Mu nan sau da yawa sai yaro ya kai huɗu ana cewa nauyin baki ne, haka babansa ya yi.

Ga abin da ya same ni wata biyu bayan na kare kundina. Aka kawo mini yaro ɗan shekara uku da rabi, ba ya amsa kira, ba ya magana, in ransa ya ɓaci sai ya yi ta buga kai a ƙasa. Ni kuwa kaina cike da karatu, nan take zuciyata ta ce galahanga ce, wato autism. Na yi sati uku ina bin tsarin da aka koya mana, da katuttukan hoto da ladan alewa, ba ci gaba. Ranar da kakarsa ta zo ɗaukarsa muna hira ta ce, “Ni dai abin da ke ba ni mamaki, in ana daka a tsakar gida yana juyowa, amma ko ihu ka yi a bayansa ko gezau.” Jikina ya yi sanyi. Ba jin taɓarya yake yi ba, girgizar ƙasa ce ke taɓa ƙafarsa. Da na tona, ashe ya yi sanƙarau yana da wata tara. Aka kai shi gwajin ji, aka samu kurumta mai tsanani a kunne biyu. Buga kan nan takaici ne na wanda ke da magana a ciki ba hanyar fitar da ita. Tambayar da ya kamata in yi a ranar farko, wace jinya ya taɓa yi, ban yi ba. Laifina ne, amma kuma a duk zaman da na yi a aji ban taɓa ganin an zauna da uwa ana ɗaukar tarihin yaro ba.

Tun daga nan ba na taɓa yaro sai na zauna da uwarsa. Yaya naƙuda ta kasance, ta yi tsawo? Ya yi kuka da aka haife shi? Idonsa ya yi ɗorawa a satin farko, kuma me aka yi? Ya yi ƙyanda, sanƙarau, ko zazzaɓi mai sa jijjiga? Waɗannan su ne manyan hanyoyin da kurumta da lalurar ƙwaƙwalwa ke shiga mana gida. Kuma da Hausa za ki yi duk wannan, ga macen da wataƙila kishiya ko uwar miji ta gama faɗa mata cewa ɗan ruwa ta haifa. In kika buɗe baki da turancin aji kin rasa ta. In kika yi wa maganar aljanu dariya ma kin rasa ta. Ni nakan ce a ci gaba da addu'a, mu kuma haɗa da wannan. Yaro awa uku yake yi a wurinki, sauran yinin yana hannunta, don haka rabin aikin koyar da uwa ne: yadda za ta zaunar da shi wajen ba shi abinci, yadda za ta riƙa ambatar sunan buta da cokali tana nuna masa, ta kuma jira ya yi yunƙuri kafin ta miƙa.

Maganar hannu ma ki sani kala biyu za ki tarar. Wadda ake koyarwa a makarantu ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster, wani baƙar fata kurma da ya buɗe makaranta a Ghana a 1957, ya kuma zo Ibadan a 1960. Kuramen ƙasar Hausa kuwa suna da tasu tun da can, wadda ake yi a kasuwa da zaure. Darasin zango ɗaya ba zai sa hannunki ya faɗa ba. Ni wajen wata kurma mai ɗinki a unguwarmu na koya, duk Asabar, tana yi mini dariya in na kwafsa.

To ba cewa nake kada ki yi karatun ba. Ki yi. Shi ya koya mini auna ci gaban yaro, da rubuta masa tsarin koyo nasa shi kaɗai, da gane binciken kirki daga na banza. Amma kafin ki sayi fom, ki je sashen da ƙafarki. Ki tambaya ina ɗalibai ke zuwa koyon aiki, sati nawa, kuma akwai 'yan ƙasa da shekara biyar a wurin? Wane malami ne ya taɓa aiki da ƙananan yara? Ki samu ɗaliban da ke ciki ki ji shekara nawa ake ɗauka a zahiri, don abin da aka rubuta wata goma sha takwas ni sai da ya cinye mini shekara uku, ga yajin aiki ga jiran mai duba kundi. In lokacin zaɓen batun bincike ya zo, ki guji irin na “ra'ayin malamai game da kaza” da ake raba takardar tambayoyi a tattara. Ki zaɓi wanda zai sa ki zauna a tabarma da yara da iyayensu.

Batun abin yi, ba zan ruɗe ki ba. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi, amma gurbin aikin gwamnati ba ya zuwa da sauri. Inda ake nema yanzu shi ne makarantu masu zaman kansu, da ƙungiyoyin agaji, da iyayen da ke son malamar da za ta riƙa zama da ɗansu a aji. Tallafin karatu na asusun gwamnati na TETFund kuwa na ma'aikatan manyan makarantu ne, kada ki sa shi a lissafi.

Su kuma yaran nan biyu na ajinki ba za su jira ki gama digiri ba. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika gani: yana juyowa in an kira sunansa daga baya? Yana nuna abu da yatsa? Yana kallon ido, yana kwaikwayon wasan 'yan'uwansa? Bayan sati biyu ki nemi iyayen ta hannun shugabar makaranta. Kada ki ambaci sunan wata cuta, ba hurumunki ba ne. Ki ce dai kina ba da shawarar a fara da gwajin ji, a sashen kunne na asibitin koyarwa mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, daga nan a ga likitan yara. In kin rubuta na sati biyun ki turo mini ta akwatin saƙo ba tare da sunayensu ba, mu duba tare.