Amsa ga ƙanena mai son zuwa Italiya buga ƙwallo

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce wani dillali ya yi maka alkawarin gwaji a wani kulob na nan Italiya in ka biya kuɗin hanya, har kana shirin ajiye makaranta, ga ka da shekara 17.

Tunda a Genoa nake zaune, bari ka ji labarin Renzo De Vecchi, mai tsaron baya ta hagu, wanda har yau masoyan kulob ɗin garin nan ke alfahari da shi. An haife shi a Milan a 1894. Yana shekara 16 ya fara buga wa ƙasarsa, a karawar da suka yi da Hungary a 1910, kuma har yanzu ba a samu wanda ya fara buga wa Italiya da ƙarancin shekaru kamarsa ba. Laƙabin da magoya baya suka sa masa ma ba mai faɗuwa a bakin Musulmi ba ne, sai dai ka nema da kanka. To duk da wannan baiwa, da Genoa ta ɗauko shi daga Milan a 1913, aikin banki aka haɗa masa da shi, domin a lokacin doka ba ta yarda a biya ɗan wasa albashi ba. Ya ci gasar lig ta Italiya da Genoa sau uku, 1915, 1923 da 1924, ya buga wa Italiya wasa 43. A 1927, da kocin Genoa, Bature William Garbutt, ya koma kulob ɗin Roma, De Vecchi aka danƙa wa Genoa, yana horarwa yana bugawa. Da ƙafa ta gaji kuma, ya kama rubutun wasanni a jarida.

Lura da abu ɗaya: a gida aka gan shi, kulob ya biyo shi. Haka Osimhen, sai da ya haska a gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2015, ya bi ta Jamus, Beljiyam da Faransa, kana ya iso Napoli a 2020.

Sannan dokar FIFA ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da 18 daga wata ƙasa, sai da wasu sharuɗɗa da ba su shafe ka ba. Kulob na gaske takardar gayyata yake aikowa, shi ke biyan jirgi.

Ka gama makarantarka, ka ci gaba da bugawa a gida. Kada ka ba mutumin nan ko sisi. Turo min sunan kulob ɗin da ya ambata, zan kira ofishinsu da kaina. Ka gaishe min da Inna.