Hukuncin Rigakafin Cututtukan Numfashi da Fifita Wasu Wajen Rabonsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti. Wani lokaci allurar rigakafi da maganin ciwon haƙarƙari na yara sukan zo mana kaɗan, sai wani na gaba da ni ya ce a ware wa iyalan manya da masu ba da ɗan ihsani, alhali ga uwa zaune tun asuba da jariri yana haki. A gefe guda kuma akwai iyayen da ke ƙin allurar, suna cewa rashin tawakkali ce. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah Ya saka miki da alheri, 'yar'uwa, da kika tambaya.

Rigakafi halal ne, kuma yana cikin neman maganin da shari'a ta kwaɗaitar a kai. Usama ɗan Sharik ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah su nemi magani, domin Allah bai sanya wata cuta ba face Ya sanya mata magani, in ban da tsufa. Ga mai cewa wannan magani ne bayan cuta ta sauka, sai a tuna masa da hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas a Bukhari da Muslim game da cin dabinon Ajwa bakwai da safe don kariya daga guba da sihiri, wanda Sheikh Ibn Baz ya kafa hujja da shi a kan halaccin allurar rigakafi. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa da cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Babu mai cewa ya fi Umar tawakkali.

Iyayen nan kada ki yi musu tsawa, domin yawancinsu tsoro ne da son 'ya'yansu ya sa suke ja da baya, kuma haƙƙinsu ne a yi musu bayani na gaskiya. A gaya musu cewa allurar na iya kawo ɗan zazzaɓi ko kumburi na kwana ɗaya ko biyu, a kuma gaya musu abin da take karewa: tarin shiƙa, mashaƙo, ƙyanda, da ƙwayoyin da suka fi haddasa ciwon haƙarƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haƙarƙari shi kaɗai ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000 a shekarar 2019. A koya wa uwa ta ɗaga rigar yaronta ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Idan ya kai 50 ga ɗan wata biyu zuwa wata goma sha ɗaya, ko 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ko ta ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja iska, to ta garzaya asibiti. Koyar da irin wannan ilimi farilla ce ta kifaya (wadda in wasu suka yi ta faɗi a kan saura) a kan likitoci da malamai da hukuma, kuma ina ganin mu masu hawa mumbari mun yi sakaci da namu kason. Wanda kuma yake yaɗa jita-jita ba da sani ba, ya ji tsoron faɗin Annabi (SAW) cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji.

Batun rabo shi ne ya fi nauyi a tambayarki. Abin da hukuma ko masu taimako suka kawo don jama'a amana ce a hannunku, kuma Allah Ya yi umarni a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da a mayar da amanoni ga masu su. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce, duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa a ɗaure yake da maslaharsu, maslaha a nan kuwa ita ce a fara da wanda cutar ta fi barazana ga ransa. Jaririn da ke haki yana gaban ɗan mai kuɗin da ke ɗan tari, kamar yadda tsoho da mai ciki da mai ciwon asma suke gaban matashi lafiyayye idan rigakafin mura mai tsanani ya yi ƙaranci. Likitoci ne ke tantance wannan jeri, tun da su ne ma'abota sani a fagen. Idan mutum biyu suka yi kunnen doki a buƙata, sai a bi wanda ya riga zuwa, ko a yi ƙuri'a, wadda take da asali a Sunna.

Saboda haka ware magani don masu matsayi haramun ne, kuma abin da ake kira ihsani a nan rashawa ce. Lokacin da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka yana cewa wannan naku ne, wannan kuwa kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Haka nan ɓoye maganin don a sayar da shi da tsada ya shiga hadisin Muslim da ya ce babu mai ɓoye kaya sai mai saɓo. Hukuncin bai tsaya kan ƙaramin ma'aikaci ba. A 2021 duniya ta ga yadda ƙasashe masu arziki suka tanadi rigakafin korona fiye da buƙatarsu, yayin da ma'aikatan lafiya a ƙasashe matalauta suke jira, kuma wannan ma zalunci ne a ma'aunin shari'a.

Ke kuwa, bai halatta ki bi umarnin nan ba, domin babu biyayya ga abin halitta cikin saɓa wa Mahalicci. Ki yi wa shugaban naki nasiha a keɓe cikin ladabi, ki riƙa rubuta abin da ya shigo da wanda aka bai wa, idan bai daina ba ki kai maganar ga wanda ke sama da shi. Idan aka fi ƙarfinki bayan kin yi iyakar ƙoƙarinki, laifin yana wuyan wanda ya yi, matuƙar ba da hannunki aka karkatar da maganin ba. Allah ne Mafi sani.