Murjanin Alhaji ya yi fari, kada ka zuba masa komai tukuna

Ɗana, na saurari saƙonka. Ka ce murjanin da ke cikin tankin gilashin da ka haɗa wa Alhajin nan a gidansa na ƙauye, can bayan Kazaure, ya koma fari fat a wannan bazarar, kifayen kuwa ƙalau suke ninƙaya, kana tambaya wane magani za ka saya ka zuba. To, babu shi. Riƙe kuɗinka, ka ɗauki ma'aunin zafi ka tsoma a ruwan da ƙarfe uku na rana, ka sake tsomawa da asuba, sannan mu yi magana.

Ka saba da tarwaɗa, ita kuwa ko a kududdufi ka jefa ta za ta rayu. Murjani ba haka yake ba. Dabba ce, duk da kana ganinsa kamar dutse ko tsiro. A cikin namansa akwai wata gansakuka ƙanana-ƙanana wadda ido ba ya gani, ita ke karɓar haske ta haɗa abinci, murjanin ya ci mafi yawansa daga wurinta. Launin nan na ƙasa-ƙasa ma nata ne. Idan ruwa ya yi zafi fiye da yadda suka saba, sai murjanin ya fitar da ita, namansa ya zama garau, har ka riƙa hango farin ƙashinsa ta ciki. Abin da kake gani ke nan. Ko a teku haka take faruwa: ƙarin digiri ɗaya kacal a kan mafi yawan zafin da aka saba gani a shekara, in ya ɗauki makonni, ya isa. Haka murjani ya yi fari a tekuna da dama a 1998, haka kuma aka gani a babban shingen murjani na Ostireliya a 2016 da 2017. Ruwan tankin gida ana so ya zauna tsakanin digiri 24 da 26. Mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana haura 40, ga rufin kwano, ga fitilu da famfunan tankin su ma suna ƙara wa ruwan ɗumi.

Fari ba mutuwa ba ne. Je da daddare da tocila mara ƙarfi ka duba. In ka ga nama na nan a jikin ƙashin, ƙananan bakunan suna buɗewa, da sauran rai, kuma yana iya dawowa cikin makonni ko watanni. In naman yana saɓulewa, ko gansakukar waje ta fara hawa ƙashin, wannan reshen ya tafi, cire shi kafin ya ɓata ruwan.

Wajen sauke zafin ne yara irinku ke ƙarasa abin da rana ta fara. Kada ka juye ƙanƙara a ciki. Ƙanƙara ruwan daɗi ce, za ta tsinka gishirin, ta kuma faɗar da zafin farat ɗaya, murjani kuwa saurin sauyi ya fi cutar da shi a kan ɗan kaucewar lamba. Buɗe murfin, ka saita ƙaramar fanka tana busa saman ruwan. Yadda randa ke sanyaya ruwa saboda naso da iska, haka wannan ma, kuma a busasshiyar iskarmu yana aiki sosai. In abin ya yi tsanani, saka robar ruwa mai ƙanƙara a rufe ruf, ɗaya bayan ɗaya. Rage ƙarfin fitila na ɗan lokaci, domin wanda ya yi fari haske mai ƙarfi ƙona shi yake yi. Gyara na dindindin kuwa biyu ne: na'urar sanyaya ɗaki da ba a kashewa, ko na'urar sanyaya ruwan tankin kansa. Da hunturu kuma sai hita, don daren Disamba da Janairu yana sauke ruwan ƙasa da yadda ake so.

Fankar nan tana da haraji. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan zaune. Ruwan teku yana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, a ma'aunin gishirin da na ba ka, rifiraktomita, zai nuna 1.025 zuwa 1.026. Ɗauki tanki mai lita 200. In lita 20 ta bi iska ba a cike ba, 35 ɗin nan ta koma kusan 39. Saboda haka abin da ya ƙafe da ruwan daɗi tsaftatacce ake mayar da shi, ba da ruwan gishiri ba, kuma kullum kaɗan-kaɗan, ba a bari sai Juma'a a juye jarka guda. Yi layi da maka a jikin gilashin, ka nuna wa yaron gidan, ka ce kada ruwa ya kwana ƙasa da layin.

Na ce ruwa tsaftatacce, ba ina nufin na rijiyar burtsatsen Alhaji ba, ko da kuwa ya fi kowane daɗin sha a garin. Ruwan ƙasa yana iya zuwa da ƙarfe, kuma inda gonaki suka kewaye gida ana zuba takin zamani, naitiret na iya sauka cikinsa. Shi da fosfet su ne abincin koren gansakukar da ke lulluɓe tanki. Sai ruwan da ya bi ta matatar RO, irin wadda masu fiya wata ke amfani da ita, aka ƙara masa matata ta ƙarshe har ma'aunin TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, ya nuna sifili. Gishirin ma ba na miya ba ne. Na kwali ne da aka haɗa musamman, mai kalsiyam da magnisiyam da sauran abubuwan teku. Lita 200 tana cin kusan kilo 7. A wani bokiti ake haɗawa, a bar famfo ya juya shi ya kwana, a daidaita zafinsa da na tankin, sannan a canza kashi goma cikin ɗari a mako ko mako biyu.

Murjani mai tauri yana gina ƙashinsa da kalsiyam da kabonet da yake ja daga ruwan, don haka suna raguwa. Kalsiyam ana riƙe shi tsakanin 400 da 450, magnisiyam wajen 1300, alkaliniti kuma, wato yawan kabonet ɗin da ke ruwan, 8 zuwa 9 a ma'auninsa da ake kira dKH. Na ƙarshen nan shi ya fi saurin motsi, shi za ka fi aunawa. Na san wani zai ce maka ai kanwa ma tana wannan aikin. Akwai ƙamshin gaskiya, don kanwa tana da kabonet, amma tana da ƙasa da wasu gishirai da ba ka san adadinsu ba. Bar ta a tukunyar wake. Kuma duk abin da ba ka auna ba, kada ka ƙara shi.

Duba min kayan famfon da ka sa. In akwai kan famfo ko mahaɗi na tagulla da ruwan ke taɓawa, cire shi yau, ka sa na roba. Jan ƙarfen da ke cikin tagulla guba ne ga murjani ko da ɗan kaɗan ne, haka ma magungunan kifi masu ɗauke da shi. A hana fesa maganin sauro a ɗakin, turaren wuta ma a yi nesa da shi.

Yanzu wuta. Ni a ganina, a ƙauyukanmu wannan ce maganar farko, kafin a yanka gilashi ma. Murjani ba ya tafiya, ruwa ke kawo masa abinci da iska, ya kwashe masa ƙazanta. Fitila za ta iya mutuwa kwana ɗaya ko biyu ba a yi asara ba, amma in famfo ya tsaya a ruwa mai ɗumi, cikin 'yan sa'o'i oksijin ya yi ƙasa. Janareton da ake kashewa ƙarfe goma sha biyun dare ba ya riƙe wannan aiki. Sai sola da batir da inbata, famfon juya ruwa a kan layinsa shi kaɗai, da ƙaramin famfon iska mai batir a ajiye kusa. In Alhaji ya ce kuɗin sun yi yawa, gaya masa da ladabi cewa tankin kifi zalla ya fi masa, zai kuma yi kyau.

Za ka ji ya ce ai a Jidda ya ga murjani, can ma zafi ake yi. Gaskiya ne, na Bahar Maliya yana da juriyar zafi, amma teku ba ta hawa ta sauka digiri huɗu tsakanin azahar da asuba kamar lita 200 a ɗakin kwano, kuma yawancin wanda ake sayarwa daga wajen Indunisiya da Ostireliya yake fitowa. Murjani mai tauri yana cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai tsakanin ƙasashe, sai da takardar izini yake tsallaka iyaka, don haka kada ka yarda a ɗauko maka shi a jakar matafiyi.

Kada ka sayi sabo yanzu. Bari ruwan ya zauna daram na wata guda, ammoniya da naitirait, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, sifili, zafi bai motsa ba. Sannan ka fara da masu laushi, irin mai kama da laimar kwaɗi da mai kama da fata, su ne masu haƙuri. Masu rassa irin Akurofora sai tanki ya shekara. Akwai kuma wasu masu kama da ƙananan maɓallai, Falitowa da danginta, waɗanda ke iya ɗauke da dafi mai kisa. Sa safar hannu da tabarau in za ka taɓa su, kada ka kankare dutsen da suke kai a bushe, kada kuma ka taɓa zuba masa tafasasshen ruwa, tururin kaɗai yana kwantar da mutanen gida.

Rubuta zafin asuba da na ƙarfe uku har kwana uku, da lambar gishiri da ta alkaliniti, ka turo min tare da hoton reshen da ya fi fari. Ranar kasuwa in na shigo sai mu wuce gidan tare, ka tanadi jarka biyu na ruwan RO.