Fatawa: Zan iya sa na'ura ta yafe wa ƙanena da muryar mahaifinmu da ya rasu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni mai gyaran waya ne a nan Maraɗi. Mahaifinmu ya rasu kwanakin baya. Kafin rasuwarsa sun saɓa da ƙanena, har Baba ya ce kada ya ƙara taka masa gida. Yaron ya tafi Agadas neman kuɗi, ko jana'iza bai samu ba. Tun da ya dawo ba ci ba barci, kullum maganarsa Baba ya mutu da fushinsa, har ya fara shan ƙwaya. Ina da saƙonnin muryar Baba da yawa a WhatsApp, kuma akwai manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke kwaikwayon murya. Na gwada, na sa ta yi sallama, wallahi sai da gabana ya faɗi. Ina so in sa ta ce "na yafe maka duniya da lahira", in ce masa a wayar Baba na tsinci saƙon. Kuma tunda yayyenmu na son sayar da gonarmu ta hanyar Tibiri, in ƙara da cewa kada a sayar. Wani abokina ɗalibin ilimi ya ce ya halatta, wai ƙarya don sulhu ba ƙarya ba ce. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa can ta fi nan, ya shirya ƙanenka. Ɗana, tausayin ɗan'uwanka ne ya kawo ka nan, wannan na gani kuma na yaba. Amma da na karanta inda ka ce gabanka ya faɗi, na fahimci kai ma kewar tsohon nan na cinka, kuma ina jin ba don ƙanenka kaɗai ka fara gwajin ba. Ka riƙe wannan a ranka, zai taimake ka ka karɓi abin da zan faɗa.

Ita manhajar kanta kayan aiki ce, asalin kayan aiki kuwa halas ne. Da irinta ake karanta wa makaho rubutu, ake fassara wa mara lafiya maganar likita. Masu cewa duk ƙirƙirarriyar basira aikin Dujal ce ba su kawo hujja ba.

Hukuncin tambayarka yana rataye a jimla ɗaya: "in ce masa a wayar Baba na tsinci saƙon." Da wannan abin ya zama jingina wa mamaci maganar da bai yi ba, da ƙera hujja a kanta. Wannan zur ne, haramun ne. Maganar gona kuwa babu saɓani a cikinta: tun ranar rasuwa gonar ta zama ta magada, kuma hana su haƙƙinsu da wasiyyar ƙarya cin dukiya ne da ɓarna. Ka lura da kanka yadda aka fara da yafiya, kafin ka gama rubuta tambaya har an kai ga gona. Wanda ya samu bakin mahaifinsa a hannunsa, da wuya ya tsaya a magana ɗaya.

Sai maganar abokinka, wadda nake so in daɗe a kanta, don na san ita ce ta ba ka ƙarfin guiwa. Hadisin da yake nufi ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Ummu Kulsum 'yar Uƙba: ba maƙaryaci ba ne wanda ke sulhunta mutane, yana isar da alheri ko yana faɗin alheri. Sai dai ya ɗora shi inda ba wurinsa ba.

Sulhu tsakanin mutum biyu ake yinsa, waɗanda za su iya haɗuwa gobe su gaisa. Ka ce wa wannan "wane yana gaishe ka", zuciyarsa ta yi sanyi, ya je, su daidaita, ƙaramar maganar da ka ƙara ta narke cikin sulhu na gaskiya. A nan ɓangare ɗaya yana kabari. Ba zai gaskata ka ba, ba zai ƙaryata ka ba, babu haɗuwar da za ta biyo baya sai ta ranar hisabi. Yafiya kuwa haƙƙin mahaifinka ce, shi kaɗai ke da ikon bayar da ita. Ta yaya za ka yi kyauta da abin da ba naka ba?

Sannan malamai ma ba su haɗu a kan cewa hadisin ya halatta ƙarya tsagwaronta ba. Imam Ɗabari da wasu sun ce abin da ake nufi shi ne tauriya, wato maganar da gaskiya ce a kanta amma mai ji ya fahimci wani abu mai daɗi. Waɗanda suka faɗaɗa kuma sun sa iyaka: kada ta zubar da haƙƙin wani, kuma ya zama babu hanyar gaskiya da za ta kai ga manufar. Kai ga shi hanyoyin gaskiya ba ka gwada ko ɗaya ba tukuna.

Ko da mun sallama wa abokinka duk wannan, akwai bambancin da bai gani ba. Idan ka ce wa ƙanenka "Baba ya faɗa mini ya yafe maka", labari ne daga bakinka, yana iya aunawa, yana iya tambayar mahaifiyarku, yana iya shakka. Idan ka kunna masa muryar, ka rufe masa ƙofar aunawa gaba ɗaya, don kunnensa ne zai shaida maka. Wannan ya bar babin magana, ya shiga babin jabun hatimi da jabun sa hannu. Kafin zuwan waɗannan na'urori, mai son yin irin abin da kake shirin yi cewa yake "na ga Baba a mafarki yana murmushi, ya ce ya yafe." Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ƙirƙiri mafarkin da bai gani ba za a ɗora masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu, kuma ba zai iya ba. In mafarkin ƙarya ya kai haka, ina ga muryar da za a adana a waya, a tura wa dangi, jikoki su gada?

Kuma asirin zai tonu. Yau kai ka san manhajar, baɗi yaran unguwa duk sun san ta. Ranar da ƙanenka ya gane, zai koma ramin da ka fito da shi, ga kuma sabon ciwo: yayansa ya yi wasa da muryar ubansu. Daga ranar, saƙonnin Baba na gaskiya da ke wayarka ma babu mai yarda da su a gidanku.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da ke hana ni sakewa game da fasahar nan, kuma ya wuce gidanku. Mu a nan murya ce takardarmu. Ɗan kasuwa a Maraɗi zai aika saƙon murya Kano ko Katsina a ɗora masa kaya na miliyoyi ba rasit. Tsohuwa a ƙauyen Madarumfa da ba ta karatun boko, muryar ɗanta daga Libiya ita ce wasiƙarta. Fiƙihunmu ma ya girmama murya: Imam Malik ya karɓi shaidar makaho a kan abin da ya ji in ya tabbatar da mai muryar, Imam Abu Hanifa kuwa ya ƙi, saboda murya na kama da murya. Abin da Abu Hanifa ya ji tsoro yau na'ura ke yinsa da gangan. A shekarar 2024 kamfanin OpenAI, masu ChatGPT, suka bayyana cewa daƙiƙa 15 na maganar mutum ta ishi manhajarsu ta kwaikwaye shi, kuma su da kansu suka ƙi sakinta ga kowa da kowa don tsoron ɓarna. A farkon shekarar, a Hong Kong, wani ma'aikaci ya tura kusan dalar Amurka miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga manyansa ya ji muryoyinsu, ashe duk na jabu ne. To ka ƙiyasta wannan a yankin da masu garkuwa da mutane ke kira suna neman kuɗin fansa. Ɗaya gefen kuma ya fi ba ni tsoro: wanda ya ci bashi da bakinsa, ko ya saki matarsa a saƙon murya, gobe zai ce na'ura ce. Ina ganin lokaci ya yi da alƙalai da limamai za su daina yanke hukunci da saƙon murya shi kaɗai, a koma ga rubuta bashi da kafa shaidu kamar yadda Allah ya yi umarni.

Kai kuma sana'arka ta ɗora maka nauyi na musamman. Wayoyin mutane na kwana a shagonka da muryoyin matansu da iyayensu. Amana ce. Kada ka ɗauki muryar kowa ka zuba a irin wannan manhaja ba da izninsa ba, don abin da ka ɗora yana tafiya kwamfutocin kamfanin da ba ka san inda suke ba. Za a zo maka da kuɗi a ce ka haɗa muryar wane malami ko wane ɗan siyasa, ka ƙi. Masu zuwa gyara kuma ka riƙa faɗa musu: in aka kira da muryar ɗan'uwa ana neman a tura kuɗi da gaggawa, a katse, a kira lambarsa da aka sani, ko a tambaye shi abin da 'yan gida kaɗai suka sani.

In ka ce to a haɗa muryar a faɗa wa kowa cewa ta na'ura ce, don tunawa kawai: wannan ba ƙarya ba ce, ban ce haramun ba, amma ba na so maka. Yana tayar da mikin da Allah ya sa lokaci ya warkar, musamman ga mahaifiyarku in har tana cikin takaba, kuma muryar ba taka ba ce kai ɗaya, sauran 'ya'ya na da ta cewa. Gwajin da ka riga ka yi, ka goge shi.

Game da ƙanenka, fara da mahaifiyarku. Ka tambaye ta abin da Baba ya riƙa faɗa a kan yaron bayan tafiyarsa. Sau da yawa uba kan kori ɗa da baki, da dare kuma ya tambayi ko an ji labarinsa. In akwai irin wannan, ko kalma ɗaya ce, ita ta faɗa masa da bakinta. Ka kai shi wurin baffanku, don Annabi ya ce baffan mutum tamkar mahaifinsa ne; ya zauna gabansa ya faɗi laifinsa, ya ji dattijo ya sa masa albarka. Ka sanar da shi cewa ƙofar biyayya ba ta rufe da mutuwa: addu'a, istigfari, sadaka, biyan bashin mamaci, ziyartar aminansa. Ku je maƙabarta tare. Maganar ƙwaya kuma kada ka tsaya ga nasiha, ka kai shi likita tun abin bai yi nisa ba, kuma kada a bar shi yana kwana shi kaɗai a wannan hali.

Gona kuwa, ku zauna da yayyenka a gaban malamin da ya san rabon gado. In ba ka son ta fita daga gida, ka nemi a yi mata kuɗi ka sayi rabon masu son sayarwa, ko a yanka maka naka ka riƙe.

Wallahu a'alam.